Shuɗin Layi a Dasashi

Malamar bita ta danna na'urar, hoton wani buɗaɗɗen baki ya cika allo. Rabin ɗakin na gyangyaɗi. Sa hannu ya kawo su, don ba a sabunta wa ma'aikacin asibiti lasisi sai da takardar shaidar bita, ita kuwa takarda ba ruwanta da wanda ya yi barci.

"Ku dubi inda haƙori ya haɗu da dasashi," in ji malamar. "Wannan siririn layin mai shuɗi-shuɗi alamar gubar dalma ce. Mutum zai zo muku da murɗar ciki, bahaya ya ƙi fita, wuyan hannu ya saki. Kafin ku rubuta magani, ku tambaye shi me yake yi da hannuwansa."

Sista Me-ya-sa ta daina wasa da bironta. Abokan aiki ne suka liƙa mata sunan saboda yawan tambaya. Ta tuna dattijon gado na shida, wanda jiya kofi ya suɓuce masa har sau biyu.

Ana ba da hutun shan shayi ta nufi ɗakin maza. Ta tarar da Likita a bakin gadon yana cike takardar sallama.

"Olsa ce, Sista. Kwanciyarsa ta huɗu ke nan a bana."

"To me ya sa ba ta jin magani?"

"Kin fara ko? Rabin yini a bita, har kin zama farfesa."

Ta ɗauki katin dattijon. A gurbin sana'a an rubuta "kasuwanci". Shekara da shekaru mai ba da kati haka yake yi don layi ya ragu: duk namiji ɗan kasuwa ne, duk mace aikin gida. Likitoci na gani, ba wanda ya taɓa ɗaga kai.

"Baba, wane irin kasuwanci kake yi?"

"Ni? Ina ni ina kasuwa, 'yata? Tsohon batirin mota nake fasawa, in ciro dalmar in narka, in zuba a gwangwani. Masu saye har gida suke biyo ni."

"A ina kake narkawa?"

Matarsa, da ke zaune a kan tabarma tana yi masa fifita, ta karɓe. "A tsakar gida mana, a ina kuma? Shekara goma sha biyu muna shan hayaƙi. Na yi magana har bakina ya yi tsami."

"Hayaƙin nan shi ya ajiye ki kika yi kumatu," in ji dattijon. Ya fara dariya, cikin ya murɗa, ya dafe.

"Da wane hannu kake riƙe ludayin narkawar? Kana cin abinci a wurin? Kana rufe hanci?"

"Kai, 'yar nan! Ko aurena za ki yi ne?"

"Miƙo hannuwan, Baba." Ya miƙo. Na dama ya langaɓe daga wuya kamar ganyen da rana ta buga. Ta ciro 'yar tocila daga aljihu, ta ɗage masa leɓe. Ga layin nan, siriri, ya bi gindin haƙora tamkar an ja shi da fensir.

"Likita, zo ka gani."

Ya sunkuya ya daɗe yana dubawa. Da ya ɗago, ya ninke takardar sallamar ya cusa a aljihu, ya ce a ɗebi jini a aika gwajin dalma.

Sai a lokacin ran Sista ya ɓaci. "Sau huɗu, Likita! Sau huɗu muna ɗura masa maganin olsa muna mayar da shi cikin hayaƙin. Tambaya ɗaya ce fa! A ce duk asibitin nan ba wanda ya iya buɗe baki ya yi ta?"

Marasa lafiyar sauran gadaje suka juyo.

Matar ta ajiye maficin. "Sista, wai abin nan yana kama yara? Autarmu ma ciki ke murɗa mata, ga kasala, ko magana ta rage. Shekararta huɗu. Makon jiya na kawo ta ɗakin yara." Ta ƙura mata ido, fuskarta ta washe. "Ashe ma ke ce! Ba ki gane ni ba? Ke kika ba mu maganin tsutsar ciki. Allah ya saka da alheri, ko minti biyu ba ki ɓata mana ba."

Sista ta kashe tocilar. Ta tuna ranar da ta riƙe ɗakin yara, da layin da ya kai har baranda, amma fuskar yarinyar ta ƙi zuwa mata.

"Yanzu tana ina, Mama?"

"Tana gida wajen kakarta. Ai ba ta da rigima. In dai ta samu tokar murhun babanta tana girkin wasa, sai ta wuni ba ki ji motsinta ba."

Sista ta juya. "Likita, ara mini motarka."

Ya riga ya miƙo makullin.