Furar Inna

Matan ƙungiyar ziyara daga Safana sun zo Runka duba mahaifiyar Turai da ke kwance. Furar da Turai ta dama wa marar lafiya ita kaɗai ce a gidan, amma kunya ta sa ta ajiye musu ƙwaryar, tana fatan su ɗan kurɓa su mayar, yadda aka saba.

Shugabarsu, Hajiya Zuwairatu, ta shanye tas.

"Ziyara tana ƙara imani, 'yar nan," in ji ta, tana goge baki. "Wallahi zuciyata ta yi sanyi."

"Madalla, Hajiya. Inna dai tun jiya ba ta ci komai ba."

Hajiya ta yi mata nasiha a kan haƙuri, suka hau babura.