Baba Na Rubutu

Tun kafin a haifi 'yarsa Auta, Dakta yake rubuta littafinsa a kan tarihin kasuwanni. To, rubutun dai a baki ne. Duk abokin aikin da ya tambaye shi, amsar ɗaya ce: aji ya cinye shi, ga tulin takardun jarrabawa, ga gida kamar tasha. "A ba ni shekara guda ba hayaniya, ku sha mamaki."

Sai kuwa jami'a ta ba shi. Hutun bincike na shekara cur, ba aji, ba taro.

Ya gyara ɗakin karatunsa, ya sayo kujera mai juyawa, ya jera katunan bayanansa a kwalin takalmi. Gidan kuwa da ma ya san doka. Matarsa tela ce, amma ta daɗe da kwashe kekenta zuwa shagon ƙanwarta, wai ƙarar na tsinka masa tunani. Yara sun tashi da jin "Baba na rubutu" kafin su iya ƙirga yatsunsu. Sun ƙware a rufe ƙofa ba a ji ba, talabijin ma hoto kawai suke kallo.

Ya ɗauko babi na farko, wanda ya rubuta yana sabon malami. Ya yi kyau har ya ba shi haushi. Da ya zauna zai ɗora, sai kai ya ɗauke wuta. Ya sauya taken littafin. Ya jera katunan bisa shekaru, ya wargaza, ya sake jerawa bisa garuruwa. Da la'asar idan ya ji takun matarsa ta kawo shayi bakin ƙofa, sai ya hau dukan madannan kwamfuta don ta ji ana aiki. Mutum da furfurarsa, abin kunya.

Hutun na gab da ƙarewa ya daina yaudarar kansa. Shirun da ya nema ya samu, littafin ne babu, kuma ba zai zo ba. Ya ƙudurta zai gaya wa iyalinsa, kullum sai ya ce gobe.

Wata safiya matarsa ta leƙo. "Baban yara, yi haƙuri na katse ka. Ana neman iyaye a makarantar su Auta, ni kuma ɗinki ya riƙe ni."

Bai taɓa taka makarantar ba, sai da maigadi ya nuna masa ajin. Malamar ta ba shi kujerar ɗalibai, ya zauna gwiwoyinsa na dungurin tebur.

"Dakta, 'yarka kanta na ja," in ji ta. "Ita ta rubuta wa ajinmu hujjojin gasar muhawara, amma dole na ba wata ta karanta. Na tsayar da 'yar taka gaban allo, ko layin farko ba sa jin ta. Na yi lallashi, na yi faɗa. Ta ce ita iyakar muryarta ke nan. Ko a gida ma haka take?"

Ya buɗe baki, ya ga bai sani ba.

A hanyar gida ya karɓi jakarta ya rataya. Babura na wucewa, mai gyaran taya na ta bugun ƙarfe. Ya ce a ransa yau kam zai faɗa, da ita zai fara.

"Auta, batun littafin nan…"

Ta ɗago da fara'a ta ce wani abu. Sai da ya sunkuya har kunnensa ya kusa taɓa bakinta.

"Mama ta ce idan ka gama, sunayenmu za su fito a shafin farko, saboda mun taimaka. Ka kusa, Baba?"

Ya daɗe a sunkuye, bayansa na ciwo.

"Saura kaɗan," ya ce.

"To kar ka yi sauri saboda mu," ta raɗa masa. "Mun saba."