Ranar da Aka Zaunar da Mai Aiki a Kujera

Tun da safe yayar mai aiki ta bugo mata waya cewa jikin Inna ya tsananta a asibiti, sai kiran sunanta take yi. Mai aiki ta jingine tsintsiya, ta sami uwar ɗakinta a gaban madubi.

"Anti, zan je in duba Inna."

"Yau? Haba, 'yar'uwa! Yau fa ƙungiyarmu ta kare haƙƙin masu aikin gida ke taro a falon nan. Don ku muke wannan wahala. Ana tashi sai ki tafi."

Aka ba ta aron riga, aka hana ta ɗaukar tire. Da baƙi suka hallara, aka zaunar da ita a kujerar da ta yi shekara da shekaru tana gogewa, ba ta taɓa sanin laushinta ba. Ta ɗosana a baki-baki, waya na ta rawa a cinyarta.

Mata suka yi ta jawabi. Wata mai tabarau har da hawaye a kan hutun mako. Ta dakata, ta kira tata mai aikin a waya ta wanke ta tas a kan shanyar da ba a kwashe ba, sannan ta ɗora kukan daga inda ta tsaya.

Can shugabar ƙungiyar ta juyo. "Baiwar Allah, faɗi damuwarki, kar ki ji tsoron kowa."

Mai aiki ta miƙe. "Uwata ce kwance a asibiti. So nake in tafi yanzu."

Anti ta dafe ƙirji. "Ke kuwa, ki yi ta cin abu a rai? Maza direba ya kai ki!"

Aka tafa. Amma sai an yi hoto tukuna. Hoto da shugaba, hoto da sakatariya, wata ta ce ta ƙifta ido, a sake. Sannan mai aiki ta cire rigar aro ta ninke.

Da ta isa asibiti, ta tarar an yaye zanin gadon Inna, wata ma'aikaciya na goge katifar. Yayarta na zaune a ƙasa, rungume da takalman Inna.

Waya ta yi ƙara.

"Kin isa? Madalla, a gaishe ta da jiki. Ina kika ajiye matacin shayi? Baƙi na jira."

"Yana bayan babbar tukunya, Anti," in ji ta.

Sannan ta zauna kusa da yayarta.