Galan Ɗin Yaya

A gonar da Auta yake aiki, dokar a manne take jikin ƙofar sito, har da zane saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Duk galan ɗin da maganin feshi ya ƙare a ciki, a ɗauraye shi sau uku, a huda gindinsa, a jefa shi cikin keji sai motar kwasa ta zo. Auta ne mai hudawa. Kullum da ƙusa a aljihunsa, har abokan aiki suka laƙaba masa Ɓarnau.

Yayarsa, wadda ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ba ta taɓa ganin hankali a wannan aiki ba.

"Yanzu kai sana'arka ke nan, lalata abu lafiyayye? Dubi bokitina, na liƙe shi har na gaji. Ɗaya tak, Auta."

"Yaya, guba ce a ciki."

"Ba kai ka ce kana wankewa ba?"

Shekara biyu yana ce mata a'a. Sai ranar da ya hango ta tana dawowa daga famfo, bokitin na yoyo, bayan rigarta sharkaf. Kunya ta rufe shi. Washegari ya zaɓi wani galan shuɗi mai murfi, ya wanke shi sau bakwai da sabulu da ruwan zafi, ya sansana bai ji komai ba. A ransa ya ce ai ya fi dokar ma tsafta. Ya manta dokar ba a wanki ta tsaya ba, cewa ta yi a huda.

Da ya kai mata, Yaya har maƙwabta ta nuna wa. A ciki take ajiye ruwan shanta.

Da ciwon kai abin ya fara. Daga baya hannunta ya soma rawa, zare ya ƙi shiga allura, ƙafafu suka yi nauyi. A asibiti likita ya yi tambayoyi iri-iri, can ya ja Auta gefe ya ce, "A me take ajiye ruwan sha?" Auta ya faɗi gaskiya yana kallon ƙasa. Likitan bai yi masa faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi a raba ta da galan ɗin, amma abin da ya taɓu a jijiya da wuya ya dawo.

Bai iya gaya mata ba. Da suka koma gida ya kwantar da ita, ya tsuguna bakin ƙofa inda galan ɗin yake, ya zubar da ruwan, ya kifa shi. Ya zaro ƙusar.

Daga kan gado, ba ta ko iya ɗaga kai, Yaya ta gane motsin.

"Kai, Ɓarnau! Kar ka taɓa mini galan. Duk zamanmu shi kaɗai ka taɓa ba ni."