Ordinatar Baba Kadi

Tun da hankalin Baba Kadi ya fara gushewa, abu ɗaya ke riƙe shi a gida: tsohuwar ordinatarsa, wato kwamfuta. Sakatare ne a Magariya kafin ya ajiye aiki ya koma Dungas. Kullum da safe sai ya sa hula, ya zauna a zaure, ya kunna ta, ya yi ta buga abin da shi kaɗai ya sani.

Ranar da ordinatar ta mutu, ya fita neman biro, tsohon ofishinsa. A hanyar Waca wani ɗan kabu-kabu ya tsinto shi, ba takalmi. Da abin ya maimaitu, dangi suka ce a sa wa ɗakinsa kwaɗo. 'Yarsa Bahijja ta ce ba da ita ba. Ta sayo masa sabuwa fil, ya dube ta sheƙeƙe ya ce, "Wannan ta wane ce?"

Ta kwashi tsohuwa da sabuwa ta kai wa Muttaƙa mai gyara a Magariya. Mutum ne mai shegen surutu, amma hannunsa na da albarka.

"Wannan kam ta riga mu gidan gaskiya, Yaya," in ji shi. "Amma akwai emilatar. Kamar a gina wa tsohuwar ɗaki ne a cikin sabuwar, ta zauna da kayanta."

Ya girka tsohon tsarin a cikin sabuwar, ya kwaso abin da ya tsira na Baba ya zuba. Ran kasuwar Dungas ya kawo ta da kansa, yana ta cika baki. Ya danna, nan take koren tudun nan da Baba ya saba gani ya bayyana a allo. Baba Kadi ya leƙa, ya ture kujera, ya fara laluben takalminsa.

Bahijja ta yi sauri ta tare ƙofa. Muttaƙa kuwa ya juyo wurinta.

"Me ya rage?" ya tambaya a hankali. "Gaya mini yadda yake yi da safe."

"Yana kunnawa, ta yi ta nishi. Kafin ta farka ya goge tabarau, ya sha shayi, ya zage ta tas."

Muttaƙa ya dafe kai. Shi da ya sha wuya don ta yi gudu! Ya koma cikin emilatar ya rage mata ƙarfi, ya rage, har ta zama raguwa ta ƙin ƙarawa. Ya ce wa Bahijja ta kawo shayi.

"Baba, a taimaka a kunna mana," ya ce.

Tsoho ya danna. Allo ya yi baƙi, ya daɗe. Baba ya zauna, ya ciro tabarau yana gogewa da bakin riga.

"Kullum haka take, 'yar banza," ya ce, da fara'ar da aka daɗe ba a gani ba.

Bahijja ta juya wurin Muttaƙa. Godiya ta cika mata ciki, sai hawaye.

"Allah ya jiƙan mahaifa, Malam Muttaƙa. Allah ya ba ka mai yi maka."

Baba Kadi bai ɗago kai ba.

"Ku yi maganarku a waje," ya ce. "Yau ba inda za ni, aiki ya yi mini yawa."