Abin da Waliyyu Ke Faɗa Bayan Sallama

Ƙanena Waliyyu ya samu gurbin karatu a ƙasar waje, ya ce ba zai je ba. An ba shi zuwa ranar Litinin ya ba da amsa, shi kuwa ya ninke takardar ya cusa ƙarƙashin katifa kamar wanda aka kawo wa sammaci.

Dalilinsa wata manhaja ce da ya rubuta. Tana duba zafi da laimar iska, sai ta tura wa manoman albasa saƙo a waya cewa su buɗe rudu, bukkar da suke ajiye albasa, su juya ta kafin ta ruɓe. Manoma sun fi ɗari huɗu a kanta, daga Jandutsi har ƙauyukan Aliero. Ya sa ta a intanet a buɗe, wai kowa na iya ɗauka ya gyara. A baki ke nan. Ko layi ɗaya bai rubuta ba na yadda ake tayar da ita, komai yana cikin kansa.

"In na tahi, Yaya Fa'iza, wa za shi tada ta in ta tsaya?" in ji shi. "Albasar mutane ta ruɓe, ni ina can ina shan sanyi?"

Raina ya ɓaci, don ni na goya yaron nan, kuma ni malamar kwamfuta ce a wata sakandare a nan Jega. Na ce masa ya ba mu mako guda. Ranar Asabar za mu tayar da manhajar a sabuwar kwamfuta da abin da muka rubuta kawai, bakinsa a rufe. In saƙo ya shiga wayar Inna, mahaifiyarmu, zai sa hannu a takardar. Ya yarda da sauri, alamar bai ɗauka za mu iya ba.

Na kira mutum biyu da suke taya shi gyare-gyare: Tukur, ɗalibi a Aliero, da Sadiya, mai shagon buga takardu a Maiyama. Da na tambaye su yadda suke koyon aikin, duk suka nuna mini waya. Waliyyu ba ya rubutu, saƙon murya yake turawa. Muka tattara na wayoyinsu, guda ɗari biyu da goma sha biyu.

Muka yi gayya, kowa da kunyar da zai nome. Sadiya ta fi mu saurin hannu, ita za ta saurara ta rubuta. Tukur zai jera su daki-daki: yadda ake girkawa, yadda ake sa sunan manomi, abin yi in ta tsaya. Ni kuma in karanta kamar baƙuwar da ba ta taɓa ganin albasa ba, duk inda na kasa ganewa in mayar musu. Kwana biyar muna haka, har muka haɗa shafi goma sha tara.

Ranar Asabar da hantsi muka hallara a tsakar gidanmu a Sabon Gari. Waliyyu ya zauna a tabarma yana ɓarar gyaɗa. Tukur ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, manhajar ta tashi lafiya lau. Ya sa lambar Inna, ya tura. Muka zuba wa 'yar wayarta ido. Shiru. Ya sake, shiru. Sau uku. Na kalli Waliyyu, ya sunkuyar da kai, amma na ga gefen bakinsa yana motsi. Na so in jefe shi da faifai.

Sadiya ta ce bari ta sake jin saƙon da ya yi bayanin lambobi. Ta tsallake gaisuwar farko, wadda kan ci minti guda da rabi, muka ji bayanin. Da ya kai "to, sai an jima, a gaida gida," sai ta danna ta kashe.

Inna tana gefe tana tsince shinkafa. Ta ɗago.

"Ɗiyata, don mi kika kashe? Ai bai hwaɗi komi ba tukuna."

"Inna, ya yi sallama."

"Sallamar Waliyyu? Wanga yaro halin ubanshi gare shi. Shina zuwa gidanka shi sha ruwa, shi yi ta zancen damina, ba shi hwaɗin abin da ya kawo shi sai ka raka shi bakin ƙohwa. Bari shi ƙare."

Sadiya ta kunna. Bayan sallamar saƙon bai ƙare ba, har ana jin kukan akuya a ciki. Sai ga muryarsa: "Af, na manta. Kada ki sa sifili a gaban lamba, ki fara da biyu, uku, huɗu. In ba haka ba za ta ce ta tura, amma ba ta tura ba."

Sadiya ta dafe kai. Duk saƙonnin nan ɗari biyu da goma sha biyu, a wurin sallama take tsayawa. Muka raba su uku nan take, kowa ya saurari wutsiyar nasa. Kafin la'asar mun tsinto abubuwa talatin da ɗaya, kuma su ne ainihin aikin. Tukur ya buɗe musu babi na musamman, ya gyara lambar, ya tura.

Wayar Inna ta yi ƙara a cikin faifan shinkafa.

Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Waliyyu ya ajiye gyaɗarsa, ya karɓi shafukan ya karanta tun daga farko, bai sami abin gyarawa ba sai wurare biyu.

"Ashe ana iyawa ba ni," ya ce a hankali. Ya tashi ya shiga ɗaki, muka ji yana ɗaga katifa.

Inna ta daɗe tana kallon wayar, ko da yake ba ta iya karanta boko ba.

"Wato yanzu tahiya za shi yi?" ta tambaye ni.

Na ce eh.

"To, da bakina na kore shi." Ta goge ido da gefen mayafi, ta miƙo mini faifan. "Ƙara mudu guda, Fa'iza. Bari shi ci da yawa tun yana nan."