Ɗigon Baƙin Mai a Kan Daɓe

Shekara talatin da wani abu Magini ya yi yana yi wa mutane daɓe, amma a duk aikin da hannunsa ya taɓa babu wanda yake ji da shi kamar daɓen tsakar gidansa. Shi ya kwaɓa, shi ya zuba, shi ya goge har ya yi sumul kamar faranti. Ko ruwa aka zubar sai ya bi hanyar da ya tsara masa ya faɗa magudana.

A kan wannan daɓen ne ɗansa Auta ya zo ya ajiye wata jar mota ta hannu, mai ƙofa biyu, gajeriya kamar ta durƙusa, irin wadda ba a ƙera ta don komai ba sai gudu. In aka tayar da ita har gilasan tagogi rawa suke yi. Auta aikin gyaran hasumiyar waya yake yi, ya kan yi mako biyu ba ya gari, in ya dawo kuma motar yake fara gaisarwa kafin mutanen gida. Wata biyu da zuwanta ta fara ɗigar baƙin mai.

Magini mutum ne mai gaskiya, wannan ba a musu. Sai dai irin gaskiyarsa ba ta da wurin kamawa, ko ta ina ka taɓa sai ta yanke ka. Wata safiya ya kira Auta ya nuna masa tabon da yatsan ƙafa.

"Wannan mene ne?"

"Baba, zufa take yi. Ta sha gudu jiya."

"Da ni kake wasa?"

"A'a, Baba. Wata 'yar roba ce ta saki, ba wani abu ba ne."

"To ka ji da kyau. Motar nan ba za a sake tayar da ita a gidana ba, ko taku ɗaya ba za ta yi ba, sai ranar da ta daina ɓata mini daɓe."

"To Baba, ta yaya zan kai ta gareji?"

"Ka kawo garejin nan."

Auta ya yi dariya, don shi ba ya riƙe magana. Ya zare makullin ya damƙa wa mahaifinsa da hannu biyu, ya leƙa kicin ya ce, "Mama, an kama amaryata, bari in je in nemo belinta." Ya fita ya tsayar da babur ɗin haya zuwa kasuwar kayan mota. A hanyar dawowa wata motar yashi ta bi ta kansu, nan take Auta ya rasu.

A leda aka kawo kayansa: waya, takalmi ƙafa ɗaya, da wani dogon kwali siriri da ko buɗe shi ba a yi ba. Magini ya haɗa kwalin da makullin ya kulle a durowarsa.

Wata biyar suka wuce, motar tana nan inda take a ƙarƙashin rumfa. Kullum da safe kafin ya tafi aiki Magini ya kan durƙusa ya zaro wani fallen kwali da yake shimfiɗawa a ƙarƙashinta ya duba. Wata ranar ya same shi a bushe. Wata ranar kuma ga ɗigo huɗu ko biyar, baƙi, yana sheƙi, ɗanye kamar yanzu ya sauka. Sai ya naɗe shi ya jefar, ya shimfiɗa sabo, ya wanke hannu fiye da yadda dattin ya buƙata.

Shi ba mutum ba ne mai yarda da surkulle. Ya sha yi wa leburorinsa tas a kan irin waɗannan maganganu. Amma akwai ranar da ya dawo da hantsi ɗaukar ma'aunin da ya manta, ya shigo ya ji ƙaurin hayaƙin mota a tsakar gida. Ya ɗora tafin hannu a kan bonet ɗin motar. Da ɗumi. Rana ba ta taɓa shiga rumfar nan ba, shi ya gina ta, ya sani. Ya ɗauki ma'auninsa ya fita. Bai gaya wa kowa ba. Ranar nan a wurin aiki sau biyu ya sa aka fasa daɓen da ya zuba, don ya karkace.

Da ya kasa jurewa sai ya yanke shawarar sayar da ita. Wajen cin abinci ya faɗa wa matarsa, a yadda ya saba faɗa mata komai, wato bayan ya gama yankewa.

"Na samu mai saye. Ya ce a gyara ɗigon tukuna, ranar Asabar ya zo ya ɗauka."

Maman Auta ta ajiye cokali. "Asabar ɗin nan?"

"Ita."

Ta tattara kwanuka, nata ma ba ta taɓa shi ba. Shi kuwa ya ɗauka yarda ce, kamar yadda ya saba ɗaukar shirunta shekara da shekaru.

Ranar Laraba Bakanike ya zo da akwatin kayan aikinsa. Abokin Auta ne tun suna yara, a gidan nan ya ci ya sha. Ya gaida Magini a durƙushe, ya karɓi makullin, ya tsaya yana kallon motar ɗan lokaci kafin ya buɗe bonet.

"Baba, wata nawa ka ce ba a tayar da ita ba?"

"Biyar."

"Ai kuwa batir ya daɗe da mutuwa. Bari dai in gwada, kada a ce ban gwada ba."

Yana murɗa makullin ta tashi, bugu ɗaya, har gilasan tagogi suka amsa. Bakanike ya yi maza ya kashe. Ya fito ya haska cikin injin da fitilar wayarsa, ya shafa gefen murfin sama, ya murza man a tsakanin yatsu biyu, ya shinshina.

"Baba, ka yi haƙuri, ba ƙaryata ka nake yi ba. Ɗigon nan daga can sama yake, robar murfin injin ce ta bushe. Mai kuwa a ƙasa yake kwanciya. Ba ya hawa nan sai injin yana aiki. Motar da ta yi wata biyar a kashe ba za ta ɗiga ta nan ba. Da ta ɗiga kwana ɗaya biyu, shi ke nan."

"Makullin yana durowata. Ni kaɗai nake buɗe ta."

"To ni dai abin da ƙarfe ya nuna mini nake faɗa. Motar nan ana tayar da ita. Ko shekaranjiya ma an tayar."

Bakanike ya yi ƙoƙarin yin dariya, ya ce, "Mutumin nawa Auta ai ka san shi da naci." Dariyar ba ta fito ba. Ya share ido da bayan hannu, ya ce zai je ya nemo robar, irin ta wannan motar ba kowane shago ake samu ba. Magini ya san inda take. Amma ya bar shi ya tafi.

Washegari Alhamis ya durƙusa ya duba kwalin, a bushe. Ya ɗauki jakarsa ya yi sallama ya fita kamar kullum. Amma bai wuce kwanar layinsu ba. Ya tsaya jikin katangar wani kango yana jira, shi kansa bai san me yake jira ba, kuma yana roƙon Allah kada ya zo.

Wajen ƙarfe tara ya ji ta. Kukan nan mai kauri da ya kan ji daga nesa ya ce, "Ga sarkin rawar kai nan ya dawo." Dattijo ne da bai taɓa gudun kowa ba, amma tafiyar nan daga kwana zuwa ƙofar gidansa ta fi masa kowace tafiya tsawo. Ya tura ƙofa a hankali.

Akwai mutum a kujerar direba.

Ya matso. Maman Auta ce, da mayafinta na aikin gida, hannuwanta a kan cinya, ba ta taɓa sitiyari ba. Idanunta a rufe, leɓɓanta na motsi. Wani makulli ne a jikin motar, ɗaure da zaren ulu. Ya ƙwanƙwasa gilashi. Ta buɗe ido ta dube shi, ba ta firgita ba. Ta ɗaga masa yatsu biyu, alamar saura minti biyu. Shi da ba a taɓa ce masa jira a gidansa ba, ya jira.

Da ta kashe ta buɗe ƙofa, amma ba ta fito ba.

"Ina kika samu makulli?"

"Shi ya ba ni, tun tafiyarsa ta farko. Ya ce, Mama, Litinin da Alhamis, minti goma, kada batir ya mutu. Ya nuna mini inda zan taka, da inda ba zan taɓa ba. Har da galan ɗin mai a bayan mota, in ya ragu in ƙara."

"Amma ai ya..."

"Bai ce in daina ba."

"Na hana a tayar da motar nan a gidana."

"Shi ka hana. Ni ba ka hana ni ba, don ba ka taɓa zaton akwai abin da na iya ba." Ta shafa kujerar gefe. "In ta tashi, sai in rufe ido in ji kamar yanzu zai leƙo kicin ya ce me aka dafa. Minti goma ne kawai, Baban Auta. Su ne kake so ka sayar ranar Asabar."

Magini ya dubi ƙasa. Wani sabon ɗigo ya sauka a kan kwalin, yana kallo.

"Ni na tura shi," in ji shi. Tun ranar bai taɓa furta wannan ba. "A kan siminti. A kan tabon da bai kai tafin hannu ba."

"Na sani. Ina kicin, na ji komai."

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Kwanansa ne ya ƙare, wannan na yarda. Sauran kuwa kullum da safe kana faɗa wa kanka, in ka durƙusa wajen kwalin nan. Ina ganinka ta taga. Me zan ƙara?"

Daga baya ya shiga ɗaki ya buɗe durowa, ya fito da dogon kwalin nan siriri. Gefe ɗaya ya lotse, akwai yashi a maƙale a jikin gam ɗin. Ya kira Bakanike a waya ya ce, "Kada ka wahalar da kanka. Abokinka ya riga ya sayo." Sannan ya kira mai saye ya ce masa motar ba ta sayarwa ba ce. Mutumin ya fara ƙorafi, Magini ya kashe wayar.

Aikin bai ci awa biyu ba. Bakanike ya cire murfin, ya kankare tsohuwar robar da ta bushe kamar ƙirgi, ya kwantar da sabuwar, ya ɗaure kusoshi ɗaya bayan ɗaya. Robar ta zauna daidai. Auta bai yi kuskuren lamba ba. Ko awa biyu bai cika ba, kuma da an bar yaron ya tuƙa motarsa zuwa gareji da an gama tun wata biyar da suka wuce. Magini yana tsaye yana riƙe wa Bakanike fitila, wannan lissafin yake yi, kuma babu wanda zai iya yi masa shi da sauƙi.

Ɗigon ya tsaya. Tsohon tabon kuwa ya riga ya shige cikin simintin, an wanke da sabulu, an goge da fetur, yana nan. Rabin yini ya ishi Magini ya fasa wurin ya zuba sabo, ko shi ba zai gane ba. Bai yi ba.

Yanzu Litinin da Alhamis ya kan makara zuwa aiki, leburori sun gaji da tambaya. Ya kan zauna a bakin baranda da jakarsa a cinya, matarsa a cikin mota, gilasan tagogi na rawa, har minti goma su cika. Kuma har yau bai daina shimfiɗa kwalin ba. Kullum da safe ya durƙusa ya zaro shi, ya same shi a bushe tas, ya daɗe yana kallonsa kafin ya mayar.